Maiduguri, Inda Dogo Ya Tuƙe

Daga wakilinmu

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar Nijeriya, ya ɗora yatsa bisa hanyar jirgin ƙasa tun daga Fatakwal, ya bi ta Inugu da Makurɗi da Kafancan, ya ratsa Bauci da Gombe, to, yatsan nasa ba zai tsaya ba sai a Maiduguri. Nan dogo ya tuƙe. Gaba da nan babu sauran ƙarfe, sai rairayi da ƙaya har bakin Tafkin Cadi. Ni kuwa da ke rubuta wannan bayani, shekaruna talatin da 'yan kai, ban taɓa jin kukan jirgi mai kwal da kunnena ba, sai dai labari a bakin kakanni. Saboda haka da aiki ya kai ni babban birnin Jihar Barno, sai na ƙudura a raina ba zan komo ba sai na je na ga inda hanyar nan ta ƙare, tun da an ce gani ya kori ji.

Mun bar Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar kusan kilomita 600, muna yi muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro, har muka shiga gari da la'asar sakaliya. Abin da ya fara tarbar baƙo a Maiduguri shi ne inuwar darbejiya, wadda aka jera a gefen manyan tituna tun zamanin Turawa. Garin kansa ba tsoho ba ne idan aka gwada shi da Kano ko Katsina. A 1907 ne Shehu Abubakar Garbai ya kafa fadarsa a Yerwa, kusa da inda Turawan Ingila suka yi bariki, daga nan gari ya yi ta bunƙasa har ya zama cibiyar arewa maso gabas.

TASHAR DA BA TA JIRAN KOWA

Kashegari da hantsi na tari mai keke Napep, don an hana hawa babur a cikin gari tun 2011, na ce ya kai ni tashar reluwe. Yaron ya waiwayo ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, ai babu jirgi." Na ce masa na sani, tashar nake son gani. Ya kaɗa kai, muka tafi.

Lalle kuwa babu jirgi. Ga dakalin fasinja nan da tsawonsa, ga dogo nan ya miƙe kamar yana jiran wani abu, amma a wurare da dama ƙasa ta binne shi, ciyawa ta tsiro a tsakanin ƙarafa. Tsofaffin taragu na tsaye, rana ta cinye fentinsu, tsatsa ta ci gindinsu. Awaki na kwance a inuwarsu, yara kuma na ɓuya a cikinsu suna wasa. Na duba gabas da yamma ko zan ga kan jirgi mai kwal ko da guda ɗaya, ban gani ba.

Mai karatu ya sani, wurin nan da kuɗi da gumi aka gina shi. A 1958 Bankin Duniya ya bai wa Nijeriya rancen dala miliyan 28 saboda aikin reluwe, shi ne kuma rance na farko da bankin ya bai wa ƙasar nan. Aka fara shimfiɗa dogo daga Kuru, kusa da Jos, ya isa Bauci a 1961, ya isa Gombe a 1963, sa'an nan ya iso Maiduguri a 1964, nisan mil 400, watau kilomita 640. A lokacin Shehu Umar Sanda Kyarimi ne ke bisa gadon sarauta, Sa Kashim Ibrahim, ɗan asalin Barno, shi ne Gwamnan Jihar Arewa. Kafin zuwan dogo, gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro na ƙasar Barno sai an ɗora su a mota zuwa Nguru ko Jos kafin su hau jirgi. Da dogo ya iso, sai shanu da bandar kifin Baga da fatake suka riƙa hawa tun daga ƙofar gida.

Amma fa dogon ya iso ne a daidai lokacin da rana ta fara yi wa jirgi mai kwal yamma. Tun 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, aka fara shigo da kawuna masu shan man dizal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar kwal ɗin Inugu, ya ƙara gaggauta ritayar masu tururi. Daga baya manyan motoci suka ƙwace kaya, reluwe ta yi ta ja da baya. Rikicin da ya ɓarke a watan Yulin 2009, wanda cibiyarsa ke nan unguwar reluwe, da abin da ya biyo bayansa a dazuzzukan da dogo ya ratsa wajen Buni Yadi, su suka ƙarasa rufe hanyar. A watan Maris na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran hanyar daga Fatakwal zuwa Maiduguri, amma har ranar da na tsaya bisa dakalin nan, babu jirgin da ya shigo.

BABA MAI ZUBA KWAL

Ina cikin zagaye sai wani mai shayi da ke bakin tasha ya lura da ni. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ce idan jirgi mai kwal nake nema, akwai guda ɗaya da ya rage a garin nan, amma ba a tasha yake ba, yana cikin ɗakin wani dattijo a Gwange. Na ɗauka ba'a ce, ashe da gaske yake. Ya haɗa ni da ƙanensa ya raka ni.

Muka tarar da dattijon a zaure bisa tabarma. Ya haura shekara tamanin, mutumin Zariya ne, aikin reluwe ya kawo shi Barno har ya zama ɗan gari. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, an ce kana da jirgi." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗana, ina da jirgi, sai dai ba ya ɗaukar fasinja."

Kafin ya nuna mini, sai da ya ba ni labarin babban. Da ƙuruciyarsa mai zuba kwal ne a tsakanin Zariya da Kafancan, a kan irin kawunan nan da aka sa wa sunayen koguna, waɗanda aka ƙera a Ingila da Sikotlan tun daga 1948. Ƙafafunsu goma sha biyu ne: biyu ƙanana a gaba, takwas manya masu ja a tsakiya, biyu a baya. Ya bayyana mini yadda abin ke aiki. Akan hura wuta a tanderu, zafin ya bi ta bututai a cikin tukunyar ruwa, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururin ya tura sanda gaba da baya, sandar ta juya ƙafafu. Aikin mai zuba kwal shi ne ya hana wutar nan mutuwa, ya kuma sa ido a kan ma'aunin ruwa, don idan ruwa ya yi ƙasa, tukunya na iya fashewa. Ya ce a hawan dutse mutum kan zuba shebur bayan shebur har rigarsa ta jiƙe sharkaf, idan kuwa tururi ya gaza, direba ba ya zagin kowa sai shi.

Sa'an nan ya aiki jikansa ya ɗauko wani ƙunshi. Aka kwance tsumma, sai ga ɗan kan jirgi, kore, tsawonsa da taragon kwal ɗinsa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Na ɗauka na ji nauyi, don na zubin ƙarfe ne, ba roba ba. Ga bututun hayaƙi, ga sandunan ƙafafu suna motsi, ga lamba 46232 a gefe, ga suna a rubuce, Duchess of Montrose. Da na kifa shi sai na ga tambarin maƙera: Hornby Dublo, kamfanin Meccano, Libaful. Wani Bature injiniya ne da Baba ya yi aiki a ƙarƙashinsa ya ba shi kyauta ranar da zai koma gida, ya ce ya ajiye wa ɗansa na fari.

KASUWAR ƘANANAN JIRAGE

A nan ya kamata in ɗan tsaya in yi wa mai karatu bayani, don a wurinmu wannan abin wasan yara ne, amma a Turai da Amurka sana'a ce mai dillalai da gidajen gwanjo da mujallu, kuma yawancin masu sha'awarta dattawa ne masu furfura. Kamfanin Märklin na Jamus ya fara sayar da ƙananan jirage masu dogo tun 1891, Lionel na Amurka ya kafu a 1900. A Ingila kuwa Frank Hornby, mutumin Libaful, shi ya fito da jirage masu wani a 1920, sa'an nan a 1938 kamfaninsa ya fito da samfurin Dublo, irin na hannun Baba. Akan ƙera shi bisa awo: kowane inci ɗaya a jikin ƙaramin yana madadin inci 76 a jikin babban. Faɗin dogonsa milimita 16 da rabi ne, wutar lantarki kaɗan ke tafiyar da shi. Abin mamaki, a 1964, shekarar da dogo ya iso Maiduguri, a ita ce kamfanin Meccano ya durƙushe wani ya saye shi, aka daina ƙera Dublo.

To, me ke sa wani ya yi tsada wani ya yi araha a kasuwar gwanjonsu? Abu na farko shi ne ƙaranci. Samfurin da aka ƙera kaɗan, ko aka daina da wuri, shi ake rububi. Na biyu shi ne lafiyar jiki. Fentin asali, ko da ya ɗan kwarzane, ya fi sabon fenti daraja, wanda duk ya sake shafa wa nasa fenti don ya yi kyau, ya zubar da rabin kuɗinsa da hannunsa. Akwai ma wata cuta da ke kama zubin wasu tsofaffin, ƙarfen ya kumbura ya tsattsage kamar busasshiyar laka, kuma ba ta da magani. Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki, shi ne kwali. Jirgin da ke cikin kwalinsa na asali, da takardar bayani da ta gwaji, yakan ninka wanda ke tsirara a kuɗi. Na huɗu shi ne asali, watau a san hannun wa da wa abin ya bi.

Kuma kasuwar ba kullum take hawa ba. Waɗanda suka yi wasa da Dublo suna yara a shekarun 1950 yanzu sun tsufa, suna mutuwa, magada na fito da kaya kasuwa, masu saye na raguwa. Sababbin da ake ƙerawa a ƙasar Sin sun fi tsofaffin kama da na gaske. Har kantin Hattons, wanda aka kafa a Libaful a 1946, ya kuma shahara a wannan ciniki, ya rufe a farkon 2024. Saboda haka irin na Baba, da yake an ƙera shi da yawa, idan babu kwali kuɗinsa a Ingila ba ya wuce 'yan gomomin fam, alhali wanda ba a cika samu ba, yana cikin kwalinsa, yakan kai ɗaruruwa.

Na tambayi Baba ina kwalin. Ya yi shiru, sa'an nan ya nuna mini wani layi a jikin bango, sama da kafaɗata. Ya ce nan ruwa ya kai. A daren 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya malalo cikin gari, ya shiga Gwange da Kasuwar Litinin da fadar Shehu da gidan namun daji. Baba ya shekara sittin yana adana kwalin nan mai ruwan shuɗi a ƙasan akwati, tare da takardar ɗaukarsa aiki da hotonsa a bakin tanderu. Da suka komo gida bayan ruwa ya janye, takardu duk sun zama kunu. Ƙarfen kaɗai ya tsira.

SIKELIN 'YAN AJAKUTA

Bayan ambaliyar, in ji shi, da abinci ya yi wuya, jikan nasa ya ɗauki jirgin a ɓoye ya kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, waɗanda a Maiduguri ake kira 'yan ajakuta. Mai sayen ya ɗora a sikeli, ya yi tayin abin da bai kai kuɗin kwanon gero ba. Yaron ya ce albarka, ya komo da shi. Baba ya ce, "Ka ga, ɗana, da ya yi nauyi da ya tafi. Rashin nauyi ya cece shi."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, don ita ce labarin reluwe ɗinmu gaba ɗaya. Manyan kawunan da Baba ya yi wa hidima nauyinsu ya kashe su. A sikeli, kan jirgi tan-tan ne na ƙarfe da tagulla, saboda haka wuta da guduma suka raba mafi yawansu. Ba na zargin ɗan ajakuta, yunwa ce ta ba shi sikeli, kuma sana'ar ta ci rayukan matasa da dama da suka shiga daji neman ƙarfe, har gwamnatin jihar ta hana ta a 2023. A shekarar nan kuma aka yi ta ce-ce-ku-ce da aka ga ana ɗora taragu a manyan motoci daga tashar Maiduguri, jama'a suka ɗauka sata ce, sai hukumar reluwe ta fito ta ce ita ta ba da izinin kai su Jos don gyara. Ko ba komai, hayaniyar ta nuna mutanen gari ba su cire rai daga tasharsu ba.

A Birtaniya ma sikelin nan ya yi aiki. Da aka daina amfani da tururi a 1968, dubban kawuna aka yayyanka. Amma wani mai sayen tsohon ƙarfe a garin Barry, Dai Woodham, ya ga yankan taragun kaya ya fi sauƙi da saurin riba, sai ya bar kawunan a fili yana cewa sai an jima. Kafin ya waiwaye su, ƙungiyoyin masu sha'awa sun fara tara kuɗi suna fansa ɗaya bayan ɗaya. Cikin 297 da ya saya, 213 suka tsira, da yawansu kuma an gyara su suna jan 'yan yawon buɗe ido. A 2004 gidan tarihin reluwe na birnin York ya sayi kai guda, Flying Scotsman, a kan fam miliyan 2 da dubu 300. Ƙarfen da ke jikinsa ba zai kai ko kusa da haka a sikeli ba. Sunansa da tarihinsa aka saya.

Kada a ce wannan sai Turawa masu ƙoshi. Saliyo ta rufe reluwenta a tsakiyar shekarun 1970, ta sha yaƙin basasa mai muni, amma 'yan kawuna da taragun da suka rage a wata rumfa a Firitawun su aka share aka buɗe gidan tarihin reluwe da su a 2005. Kenya na da nata a Nairobi tun 1971. A gida ma akwai abin koyi. A gidan tarihi na Jos an ajiye kayan ƙaramin jirgin nan da ya yi zirga-zirga tsakanin Zariya da Jos har aka rufe hanyarsa a 1957. A Ebute Metta ta Ikko kuma akwai Gidan Jaekel, tsohon ginin reluwe da wata ƙungiyar sa kai ta gyara ta tara hotuna da kayan aiki a ciki.

ABIN DA YA RAGE

Maiduguri fa? Garin da dogo ya tuƙe, wanda ya ga wuta a Kasuwar Litinin a watan Fabrairun 2023, ya ga ruwa a 2024, ya fi kowa sanin yadda abu kan ɓace a dare ɗaya. Ba na cewa a bar gina asibiti da makaranta a gina gidan tarihi. Abin da ake bukata kaɗan ne. A keɓe tarago ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda ba za su ƙara tafiya ba, a yi musu rumfa. A tattara allon sunan tasha da fitilun hannu da tutoci da tsofaffin tikiti da littattafan lissafin kaya, a rubuta kowanne a rajista, a damƙa wa gidan tarihi na jiha. Mafi gaggawa kuma, ɗaliban tarihi na Jami'ar Maiduguri su ɗauki na'ura su bi irin su Baba gida-gida tun suna da rai. Darasin kasuwar ƙananan jirage ke nan: ƙarfe ba ya tsada sai da kwalinsa da takardarsa, kwalin reluwe ɗinmu kuwa yana cikin kawunan tsofaffin nan, kuma kowace shekara ana binne wani sashe nasa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an adana ta.

Da zan tafi na gaya wa Baba gaskiyar abin da jirginsa zai yi a kasuwar Ingila, don kada wani dillali ya ruɗe shi, ko kuma ya sa rai da dukiyar da babu ita. Ya ce shi bai taɓa tambaya ba, kuma ba na sayarwa ba ne. Ya ɗora shi bisa tabarma, ya sa yatsa yana juya sandar ƙafafun a hankali, yana nuna wa jikan inda mai zuba kwal ke tsayawa, da inda direba ke leƙowa. Yaron, wanda bai taɓa ganin jirgi na tafiya ba, ya matso ya tsuguna yana kallo.

Na yi musu sallama, Baba ya sa mini albarka, ya ce idan Allah ya sa jirgi ya komo Yerwa yana raye, in zo mu je tarya tare. Na ce in Allah ya yarda. Allah ya zaunar da ƙasar Barno lafiya, ya nuna mana ranar, amin.